Ɗingishin Akuya da Tsaron Garke a Damina

Sharhinmu na yau a bayan ɗaki zai tsaya, wurin turke, inda aka ɗaure awaki.

Da zarar shuka ta tsiro, mai gari ya sa an yi shela cewa kowa ya kama dabbarsa, to akuya ta shiga wata rayuwa daban. Wadda ta yi rani tana yawo daga wannan gona zuwa waccan, tana hawa ganuwa da tsohon kango, yanzu an kafa mata turke, igiya taku uku ko huɗu, nan za ta ci, nan za ta yi fitsari, nan za ta kwana har a cire amfanin gona. Doka ce mai kyau, don ita ke hana faɗa tsakanin maƙwabta. Amma ƙafar akuya ce ke biyan kuɗinta, kuma mafi yawanmu ba mu lura.

Kofato ba ya daina tsiro. Da rani busasshiyar ƙasa da tsakuwa su ke goge shi, shi ya sa akuyar da ke yawo ba kasafai take bukatar yanka ba. Da damina ba tafiya, ƙasa kuma ta jiƙe. Sai ɓawon gefe ya yi tsawo, ya lanƙwashe ya rufe tafin kofaton, ya bar wani ɗan aljihu da kashi da laka ke taruwa a ciki. Fatar da ke tsakanin yatsun nan biyu kuma, saboda tsayuwa cikin danshi dare da rana, sai ta yi laushi, ta yi ja, ta fara saluɓewa. Wannan shi ne matakin farko, kuma a nan magani bai da wuya. In aka ƙyale, wata ƙwayar cuta ta samu hanya ta shiga ƙarƙashin kofaton, tana cin naman da ke riƙe da shi, har ɓawon ya rabu da ƙafa. Wanda ya taɓa ɗaga irin wannan ƙafa ba ya manta warinta.

Ƙwayoyin cuta iri biyu ke haɗuwa su yi wannan aiki. Ɗaya kullum tana cikin kashin dabbobi, ba yadda za a yi a raba garke da ita. Ɗayar, wadda ita ce mai ruɓar da kofato, a ƙafar dabba kawai take iya daɗewa. In ta faɗi ƙasa, da wuya ta wuce mako biyu da rai. Ku riƙe wannan, don amfaninsa biyu ne. Na farko, wurin da dabba mai ciwon ta tsaya, in aka ɗauke turke aka bar shi mako biyu ba dabba, ya tsarkaka. Na biyu, ciwon ba daga sama yake faɗowa ba, da ƙafa huɗu yake shigowa gida. Tunkiyar da aka sayo ranar Alhamis a Maigatari, ko bunsurun da aka kawo ranar Juma'a daga Wudil, ya tsaya yini guda cikin caɓi tare da ɗaruruwan dabbobi daga wurare daban-daban. Muna duba haƙori, muna taɓa gadon baya, muna ɗaga wutsiya, amma ƙalilan ne ke ɗaga ƙafa kafin su biya. Sabuwar dabba a ba ta turkenta daban na mako biyu zuwa uku, a duba ƙafafunta, sannan a haɗa ta da na gida.

Wani zai ce, ɗingishin akuya har ya isa a yi sharhi a kansa a rediyo? Ya isa. A ƙauyukanmu yawancin awaki na mata ne, kuma akuya ita ce asusun uwar gida: daga ita kuɗin asibiti ke fitowa, da kayan ɗakin 'ya, da kuɗin makarantar yaro. Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira ta Sakkwato a Najeriya, ta Maraɗi a Nijar, wata biyar take yi da ciki, kuma tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta. Fatarta ce a da ayari ke ɗauka ya ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Irin wannan dabba in ƙafa ta hana ta tsayuwa, sai ka ga ta durƙusa a gwiwa tana ci. Ci ya ragu, nono ya ragu, 'ya'yan su rame. Bunsurun da ƙafar baya ke wa ciwo kuwa ba ya iya hawa, sai shekara ta wuce ba haihuwa, ana ta zargin maita ko baki.

Amma ba kowane ɗingishi ne ruɓewa ba, kuma a nan ake yawan ɓata kuɗi. Sau da yawa ƙaya ce, ta aduwa ko ta bagaruwa, ko tsidau ya maƙale a tsakanin yatsu, ko guntun kwalba, ko ƙusa. Wani lokaci kaska ce ta lafe a can cikin tsagar, ko a ƙarƙashin ƙananan kofatan nan biyu na baya, inda ido ba ya kai wa sai an buɗa da hannu. Wani lokaci kuma igiya ce. Igiyar roba da ta cika kasuwa yanzu tana yanka fata in an ɗaura ta a ƙafa, akuya na ja tana ƙara nutsewa, ƙafar ta kumbura, ƙuda ya zo ya yi ƙwai, tsutsa ta shiga. In dole sai a ƙafa za a ɗaure, a naɗe wurin da tsumma, a riƙa sauya ƙafar. A wuya ya fi, da ƙullin da ba ya zarcewa.

Akwai kuma na masu kiwon Sallah. Dabbar da aka ɗura wa ɓarzajjen hatsi da dusa lokaci guda, ba tare da isasshiyar harawa ba, cikinta kan yi tsami, zafin ya sauka har kofato. Za ka taɓa ka ji ƙafafun da ɗumi, dabbar na taka ƙasa da ɗar-ɗar, ba rauni ba wari. Maganin wannan a kwanon abinci yake: a rage hatsi, a ƙara harawa da ciyawa, in za a ƙara dusa a ƙara kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. In kuwa dabbobi da yawa suka kama ɗingishi a tare, har da shanu, ga ƙuraje a baki, ga dalala, wannan ciwon baki da ƙafa ne mai yaɗuwa. Kada a kai su kasuwa, kada a kai su mashaya ɗaya da na mutane, a sanar da malamin dabbobi.

To, yaya ake yanka kofato? Lokacin da ya fi shi ne bayan ruwa ko da sassafe, sa'ad da raɓa ta tausasa shi. A jingina akuya da bango, wani ya riƙe kai, kai kuma ka juya bayanka wajen kanta ka ɗaga ƙafar. Ka fara da wanke ta da ruwa da gishiri, ka sa ɗan tsinke ka ƙwaƙule duk abin da ya taru. Sai an wanke ake ganin gaskiyar abin da ke ƙafar. Sannan da wuƙa mai kaifi, ko almakashin kofato in akwai, ka rage ɓawon da ya lanƙwashe, ka rage tsinin gaba, ka ɗan daidaita dunduniya. Abin da ake nema shi ne tafin ya zama shimfiɗaɗɗe, ya yi daidai da layin nan na sama inda gashi ya haɗu da kofato. Kuma a riƙa sassaƙa siriri-siriri, wuƙar na fuskantar waje. Da ka ga farin ya fara sirkawa da ja, tsaya, jini na kusa. Kofaton da ya yi wata biyar ba a taɓa ba, ba a gyara shi a zama ɗaya. A rage yau, a dawo bayan mako biyu. In an gama da dabba ɗaya a wanke wuƙar kafin a taɓa ta gaba, guntayen da aka yanke daga ƙafa mai ciwo kuma a jefa su a wuta. Dabbar da ke turke, duk bayan mako shida zuwa takwas a sake dubawa.

Ga ƙafar da ta riga ta ruɓe, ina jan kunnen masu zafin hannu. Da an yi imani cewa sai an fafe kofaton har jini ya fito sannan ciwon ke mutuwa. Likitocin dabbobi yanzu sun bar wannan, domin an gane yawan yanka na jinkirta warkewa, wani lokaci ma ya bar wani jan tsiro da ba ya daina jini. A cire abin da ya riga ya rabu yana reto, a bar sauran.

In ciwon bai wuce fatar tsakanin yatsu ba, wanki da ruwan gishiri, da shafa aidin ko jibi, ko feshin nan mai launin shuɗi da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi, tare da busasshen wuri, sukan wadatar. Mai garke babba zai iya haɗa ruwan tsoma ƙafa: kilo 1 na sinadarin zink salfet a lita 10 na ruwa, a zuba a roba mai faɗi, dabba ta tsaya ciki kamar minti 15, sannan ta tsaya a busasshen wuri har ƙafar ta sha iska. Wasu na amfani da kofa salfet, shuɗin nan, yana aiki, amma guba ne ga tunkiya in ta sha, kuma dabbar da ke jin ƙishirwa za ta sha. In kuwa akwai wari, ɓawo ya fara rabuwa, to sai allura. Wadda aka fi sani ita ce oksitetarasaikilin mai daɗewa a jiki, wadda makiyaya ke kira El-e. Mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, mil 1 ake yi wa kowane kilo 10 na nauyin dabba, wato babbar akuya mai kilo 25 zuwa 30 ba ta wuce mil 3 ba. Na faɗi wannan ne don ku gane in ana cutarku, ba don kowa ya zama likita ba. Malamin dabbobi ya yi allurar. Kuma a duba abin da ke rubuce jikin kwalbar, akwai kwanakin da ba a yanka dabbar ba a shan nononta bayan allura, galibi mako uku zuwa huɗu ne ga nama. Wanda ya yi wa akuya allura yau ya kai wa mahauci gobe, mutane ya ɗura wa maganin.

Abin da nake roƙo a daina shi ne baƙin mai na inji, da ruwan batir, da kalanzir, da garin maganin ƙwari na gona. Baƙin mai yana korar ƙuda na yini ɗaya, amma yana rufe raunin, ƙwayar cutar nan kuwa inda iska ba ta shiga ta fi so. Ruwan batir ƙona naman yake yi. Tsutsa in ta shiga, a cire ta ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa maganin rauni, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a sauya kullum. Dabbar da aka yi wa magani sau biyu sau uku ciwon na dawowa, ita ce ke ajiye cutar tana raba wa sauran. In kwanakin allura sun cika, a fitar da ita daga garke, a yanka.

Duk waɗannan magunguna ɓarnar kuɗi ne in za a mayar da akuya cikin caɓin da ya jawo ciwon. A cika wurin turke da yashi ko marmara har ya ɗara sauran tsakar gida da kamar taƙi ɗaya, a ja ɗan lambatu ruwa ya wuce. A yi rumfa ko da ta kara ce. A share kashi kullum a tara shi gefe, taki ne da gona ke jira. A barbaɗa toka. Wanda ke da hali ya yi ɗan benci na azara ko gora, akuya da kanta za ta hau ta kwana, don ba ta son jiƙa. Babban dutse ɗaya ko tarin fasassun bulo a tsakiyar garke, tana hawa tana sauka, shi ma yana goge kofato ba ko kwabo.

Yanzu mu juya ga tsaro, don maganar ɗaya ce. In an saki dabbobi bayan kaka, wadda ke baya tana jan ƙafa ita karnuka ke cimma, ita mota ke bugewa, ita ɓarawo ke sunkuta ba gudu ba haki. Kura da dila sun ragu a yawancin ƙasar Hausa saboda daji ya zama gona, ko da yake har yanzu suna taɓa mutanen gefen duwatsu da dazuzzuka. A ganina, a ƙauyen yau, karnukan da ba mai su da ledar da akuya ke haɗiya a bola da ɗan Adam mai babur sun fi kura ɓarna nesa ba kusa ba.

Ɓarawon akuya ya san lokacinsa. Daren marka, ruwa na dukan kwano, ba mai jin kukan dabba. Makonnin da ke gaban Sallah. Tsakar rana ranar kasuwa ko ranar biki, gida ya zama ba kowa. Kuma sau da yawa ya san gidan, ya san inda darni ya ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garke ya kasance kusa da ɗakin kwana, ƙofarsa ta fuskanci tsakar gida, a sa mata sakata da kwaɗo. Shingen ƙaya na shekara ɗaya ne, gara ta cinye shi ko mata su kai murhu. Shinge mai rai ya fi: aguwa da iyayenmu suka riƙa zagaye gona da ita, ko cini-da-zugu wanda akuya ba ta ci, ko dashi, duk reshe ake yankowa a kafa ya kama. Ƙaramar fitilar sola a kan ƙofa, ƙararrawa a wuyan uwar garke, da 'yan zabi a gidan, waɗanda ba sa ganin baƙon motsi su yi shiru, duk suna taimakawa.

Sai maganar kare, wadda na san wasu za su ɓata fuska. Hadisan da ke cikin Bukhari da Muslim da suka hana ajiye kare sun ware na kiwo da na farauta, wata ruwayar har da na gona. Fulani da Buzaye ba su taɓa rabuwa da shi ba. Amma kare mai gadi yin sa ake yi. Tun yana ɗan kwikwiyo, kamar wata biyu, ake sa shi ya tashi cikin awaki, ya kwana inda suke kwana, har ya ɗauke su danginsa. A ciyar da shi, don karen da ke kwana da yunwa wata rana shi zai fara da jaririn akuya. A yi masa allurar ciwon haukan kare yana wata uku, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana cikin masu yin wannan allura. Kuma kada a jefa masa ɗanyen kan akuya ko na tunkiya. Akwai tsutsar ciki da ke bi ta nan: kare ya ci ƙwaƙwalwar, ya yi kashi a ciyawa, akuya ta ci, ƙwan ya haura ƙwaƙwalwarta ya zama ƙullin ruwa. Ita ce dabbar da za ka ga ta karkatar da kai tana juyi wuri ɗaya. Mushe da mahaifa kuma a binne su da zurfi, warinsu ke kiran baƙi da dare.

In an yi satar, mece ce shaidarka? "Ja ce, mai ƙaho" ba shaida ba ce a kasuwar da jajayen awaki suka fi ɗari. A yi wa kunne tsaga irin ta gidanku, a sanar da mai unguwa. Lalas a gadon baya ɓata fata yake yi, fata kuma kuɗi ce. Duk gidan da ke da waya mai hoto, a ɗauki kowace dabba ta gefe biyu, tare da mai ita a tsaye. In ta ɓata, kafin rana ta ɗaga hoton ya isa wurin dillalai da sarkin kasuwar dabbobi da 'yan sintiri da shugaban mahauta. Ku kuma masu saye, akuyar da aka kawo da asuba a rabin kuɗinta, ba dillali ba shaida, kun san abin da kuke saya. In kuma an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Mun sha jin an kashe mutum da duka a kan akuya, daga baya ta dawo gida da ƙafarta.

Duk wannan da na lissafa na ɓarawon unguwa ne. Wanda ya zo da bindiga, su ashirin, ya kore garken gari gaba ɗaya, ba kwaɗo ba kare da zai tsayar da shi, kuma kada kowa ya ba da ransa a kan dabba. Wannan nauyin gwamnati ne. A 2021, jihohi irin su Zamfara da Katsina sun rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako don toshe wa ɓarayin daji hanyar sayarwa. Matakin ya taɓa su, amma ya taɓa matar da ke son sayar da akuya ɗaya ta kai ɗanta asibiti, kuma ba ita ta yi laifin ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Muna fata idonta ba zai tsaya kan manyan shanu da manyan gonaki ba. Ga cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya da iliminta a kan awakinmu. Abin da mai akuya biyar ke bukata shi ne malamin dabbobi da zai iso ƙauyensa da babur, da magani na gaskiya, da takardar shaidar ciniki a kowace kasuwa.

Kafin wannan ya zo, ga abin da ke hannunmu. Uwar gida, maigida, da kai yaron da ke yanko ciyawa: yau da yamma in za a ba su abinci, ku ƙirga su, ku sa kowace ta yi 'yar tafiya a gabanku. Wadda ta ɗaga ƙafa ko ta durƙusa, kada a ce sai gobe. A wanke ƙafar a duba, a matsar da turkenta zuwa busasshen wuri, a kulle ƙofa kafin a kwanta. Allah Ya sa albarka a dukiyarmu.